Masaukin da Ba Ya Sallamar Baƙo

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, don haka ku bari in riga ku. Za ku ce, "To, ɗan Gagarawa Tasha ya ƙoshi. Ana fama da tsadar taki, ga kuɗin riɗi yau sama gobe ƙasa, shi kuwa ya gyara zama zai fassara mana waƙar wasu Turawa masu gashi har kafaɗa." Na ji, Allah ya ba ku haƙuri. Amma ai ku ɗin nan ne na tarar a teburin mai shayi da na zo hutun babbar sallah, tun daga isha'i har aka kashe risho kuna musu a kan wanda Shata yake nufi da Gagarabadau. Mutum biyar, amsa bakwai. Shata ya rasu tun 1999, bai bar wa ko ɗayanku wasiyya ba, amma kowa rantsuwa yake yi kamar shi ya riƙe masa kalangu ranar da aka yi waƙar. Idan wancan zama ba ɓata lokaci ba ne, to ku matsa wa nawa ma ya sami gefen benci.

Waƙar da na ɗauko sunanta "Hotel California". Ƙungiyar makaɗan Amurka da ake kira Eagles ce ta yi ta. Faifan ya fito a watan Disamba na 1976, waƙar ta hau kan jadawalin Billboard a 1977, ta kuma ci lambar Grammy ta faifan shekara a 1978. Tsawonta minti shida da rabi, wato ba ta kai ko sharar fagen da Ɗanƙwairo yake yi kafin ya shiga yabon sarki ba, amma yau kusan shekara hamsin ana ta kai ruwa rana a kan abin da take nufi.

Wani zai ce ina ruwan Gagarawa da ita. Ranka ya daɗe, a motar shanu ta zo mana. Kawuna direban tirela ne a zamaninsa. Ranar Alhamis ya yi lodi a kasuwar Maigatari, ya biyo ta Gumel, ya tsaya a gida ya ci tuwo ya canza riga, sannan ya miƙi hanyar Kudu. A cikin akwatin gaban motarsa akwai kaset-kaset sun fi ashirin ɗaure da robar tayar keke. Shata ne da Ɗan Maraya da Ɗan Anace, sai 'yan kaɗan na Don Williams da Kenny Rogers, waɗanda yake kira waƙoƙin kaboyi. A bayan ɗaya daga cikinsu, wani mai ɗaukar kaset a Sabon Gari ya cike ragowar zaren da wannan waƙa. Turancin Kawu na shingen 'yan sanda ne, bai wuce gaisuwa da miƙa takardu ba. Amma duk lokacin da ta zo sai ya rage gudu, ya ƙara murya, ya girgiza kai ya ce, "Wannan bawan Allah an kama shi." Na tambaye shi wa ya kama shi. Ya ce, "Yaro, ba ka ji muryarsa ba?" Sai da na yi shekaru ina karatun boko, na zauna da ƙamus na bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, sannan na gano cewa duk wahalar da na sha ba ta kai ni ko taku ɗaya gaba da inda Kawu ya tsaya ba.

Ga labarin a taƙaice, don waɗanda ba su taɓa ji ba, da waɗanda suka ji suna taka rawa ba su san me ake faɗa ba. Matafiyi ne cikin dare a hanyar sahara, gajiya ta ci ƙarfinsa. Ya hango haske, ya ratse. Wata mace ta tare shi a bakin ƙofa, ta haska masa hanya zuwa ciki. Wuri ne na alatu: madubai, kayan shaye-shaye masu tsada, samari da 'yan mata, rawa a tsakar gida. Kowa na yi masa maraba. Can cikin dare aka taru a ɗakin maigida don wani biki, aka zare wuƙaƙe aka far wa wata dabba, dabbar ta ƙi mutuwa. Nan hankalinsa ya tashi, ya ruga neman ƙofar da ya shigo. Mai gadin dare, cikin ladabi da sanyin murya, ya fahimtar da shi cewa biyan kuɗin ɗaki ba shi ne tafiya ba. Daga nan mawaƙi ya yi shiru, jita biyu suka karɓe zancen har ƙarshe.

Na ga Alhaji direba a can baya yana murmushi. Na san amsarka, Alhaji. Gidan aljanu ne. Haske a daji da tsakar dare, kyakkyawar mace ita kaɗai, ai ko yaron mota ya san abin da ya kamata ya fara dubawa: ƙafarta. Da matafiyin nan ɗan Sule Tankarkar ne, da ya sunkuyar da kai ya ga kofato tun a soro, ya ja ayatul kursiyyu ya taka mota, waƙar ta ƙare a minti ɗaya. Ban raina wannan fassara ba, don kuwa Glenn Frey, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara baitocin, ya faɗa da bakinsa cewa da gangan suka so su gina wani abu mai kama da mafarki, mai rikita tunani. Sai dai aljanun da muka sani ba sa ajiye mai gadi, ba sa kuma rubuta rasit.

Allah gafarta Malam kuwa tuni ya yanke hukunci: waƙar Shaiɗan ce. To Malam, ba kai ka fara ba, an riga ka masallaci, ko in ce an riga ka coci. A shekarun 1980 wasu masu wa'azin Kirista a Amurka sun yi ta yaɗa cewa otal ɗin cocin masu bautar Shaiɗan ne, wanda wani Anton LaVey ya kafa a San Faransisko a 1966. Har suka ce idan ka buɗe kwalin faifan ka zura ido, za ka hango shi a saman bene yana leƙe. Makaɗan suka musanta, suka sake musantawa, har suka gaji. Ginin da ke jikin kwalin ma otal ne sananne, Beverly Hills Hotel, aka ɗauki hotonsa da faɗuwar rana. Amma ka san halin jita-jita, ta fi jita daɗin kaɗawa.

Samarin majalisa su kuma suka ce, "Yaya, bar wahalar da kanka, ƙwaya ce." A nan dai ba zan yi saurin yi muku dariya ba. A baitin farko akwai wata kalmar Sifaniyanci da ke nufin 'yan ƙananan wutsiyoyi, wadda a bakin 'yan Meziko kan ɗauki ma'anar kan tabar wiwi. Hodar iblis kuwa a Los Anjeles ta wancan zamani kamar goro take a gidan suna, su kansu makaɗan ba su ɓoye cewa sun taɓa ba. Kuma duk wanda ya taɓa ganin yaron unguwa da ya fara da rabin kwalbar maganin tari "don ya ji yadda take", yau ga shi a bakin kwata yana hira da inuwarsa, ya san akwai ƙofar da shigarta kyauta ce. Fassararku tana da ƙafa. Illarta ɗaya, ƙafa ɗaya gare ta. Ta bayyana dabbar da ta ƙi mutuwa, amma ba ta bayyana madubai da 'yan maraba ba. Kun kama wutsiya kun ce ita ce raƙumin.

Akwai kuma waɗanda suka ce asibitin mahaukata ne da ke Camarillo, da waɗanda suka ce otal ne kawai na bulo da siminti. Har ma wani otal mai wannan suna a garin Todos Santos na Meziko ya yi shekaru masu yawon buɗe ido suna tururuwa suna sayen riguna, da zaton nan ne wurin. Eagles suka maka shi a kotu a 2017, aka sasanta a farkon 2018. Wato ko sunan masaukin ba a barin mutum ya fita da shi.

Yanzu ku matso, ga tawa. Otal ɗin nan bariki ne.

Kar ku yi mini wannan kallon. Mu mutanen Tasha mun fi kowa cancantar gane wannan, domin garinmu ma jirgi ne ya haife shi. Gagarawa biyu ce, akwai Gari akwai Tasha, kuma ba a banza aka raba sunan ba. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya ratsa ta Ringim da Taura da mu da Malam Madori ya dangana da Nguru a 1930. Inda jirgi ya tsaya, nan sikelin gyaɗa ya sauka, nan 'yan baranda da leburori da masu tuwo-tuwo suka yada zango, nan aka fara jin harsunan da ba a sani ba. Kakata, wadda a ƙauye aka haife ta, har ta koma ga Allah idan jikanta ya ce zai je Tasha da yamma sai ta bi shi da ido ta ce, "A dai dawo da wuri." Tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, amma a wurinta wata duniya ce. Kalmar bariki daga barikin sojan Turawa ta samo asali, sannan ta faɗaɗa ta zama duk wurin da idon iyaye ba ya kaiwa, inda babu mai tambayar ɗan gidan wane ne kai, inda aljihu ne dangi. Wuri mai haske daga nesa, mai maraba da kowa. To me ya rage a waƙar da ban ambata ba?

Na ji wani yana cewa, "Kai dai ka ga dama ne ka ɗora wa Turawa rawanin Hausa." Madalla, to a duba asalin mutanen. A cikin makaɗa biyar da suka yi wannan faifai, babu ɗan Kalifoniya ko ɗaya. Don Henley, mai ganga kuma mai rera waƙar, daga wani ɗan ƙaramin gari yake a Teksas da ake kira Linden, garin da ba zai yi wa Gumel gori ba. Glenn Frey daga yankin Ditroit. Don Felder, wanda ya fara haɗa kiɗan a wani gidan haya a bakin teku a Malibu ya miƙa wa sauran a kaset, daga Fulorida. Randy Meisner ɗan manoma ne daga Nebraska. Joe Walsh a Kansas aka haife shi. 'Yan ci-rani ne zalla. Kowa ya ɗauko jitarsa kamar yadda namu ke ɗaukar jarka da baro ko akwatin shushaina, ya nufi inda aka ce kuɗi suke. Bambancin kawai, su sun samu, sun samu har ya fi ƙarfinsu. Henley ya sha bayyana cewa waƙar kallon da suka yi wa rayuwar holewa ta Los Anjeles ce, da baƙin cikin da ke ƙarƙashin mafarkin Amurka, da yadda mutum ke fita daga ƙuruciya ya faɗa wayewar da ba ta da daɗi. Ku fassara wannan da Hausar kakata ku ga ko ba kalma ɗaya za ta ishe ku ba.

Wani ɗan boko mai tabarau ya ɗaga hannu: wai ai wannan ba kiɗan kantiri na 'yan karkara ba ne, rok ne tsantsa. Sannu da ƙoƙari, Malam, ka ci rabin maki. Eagles da gaurayen kantiri da rok suka fara, bayan sun yi wa Linda Ronstadt kiɗa a 1971. Mai kaɗa musu banjo, Bernie Leadon, wanda shi ne ƙashin bayan wancan sauti na karkara, ya bar su a 1975, Joe Walsh mai jitar lantarki ya maye gurbinsa. Wannan faifai shi ne na farko bayan canjin. Ka ga kenan ƙorafinka ma hujjata ce. 'Yan ƙauye ne suka tuɓe rigar gida suka sa ta birni, kuma waƙar farko a faifan ita ce ta mutumin da ya kasa gano hanyar komawa.

Abin da ya fi kama ni a ciki ba dabbar ba ce, ba kuma mai gadin ba. Wani ɗan wuri ne da matar take amsa cewa babu wanda ya ɗaure su a gidan, su ne suka tufka igiyar da hannunsu. Ku tsaya a nan, don nan ne naman yake. Ci-rani a asalinsa yarjejeniya ce da damina: a tafi bayan an kai amfani rumbu, a dawo da saukar ruwan fari. Mafi yawa suna cika alkawari. Amma kowace unguwa tana da nata guda ɗaya ko biyu da suka ce "bana dai ba zan samu zuwa ba". Yana Agege, yana Mile 12, yana Fatakwal, ko ya tafi umara ya maƙale a Jidda. Babu wanda ya riƙe masa riga. Mota na tashi kullum, kuɗin motar ma yana da shi. Abin da ya hana shi, na farko kunya ce: da wane ido zai kalli sa'o'insa, shekara tara a waje ya dawo da jaka ɗaya? Zai bari sai ya tara. Na biyu kuwa, wanda ba a faɗa, shi ne ya saba. Ya saba da wutar da ba ta ƙarewa a titi, da burodi da ƙwai da tsakar dare, da zama inda babu mai aiken sa jana'iza ko ya tambaye shi me ya sa ba a gan shi a asuba ba. Duk shekara yana wasa wuƙa, yana cewa bana zai yanka wannan hali. Duk shekara dabbar tana miƙewa tana kaɗe jiki.

Akwai wani gurbi kuma da matafiyin ya nemi a kawo masa giyar inabi, aka ce masa rabon su da irin wannan tun 1969. Kalmar da aka yi amfani da ita harshen damo ce a Turance, tana nufin barasa, tana kuma nufin ruhi. Wani mai sharhi ya taɓa yi wa Henley gyara cewa giyar inabi ba ta cikin jinsin da kalmar ke nufi, Henley ya mayar masa da cewa ya bar ma'ana ya kama kwalba. Shekarar 1969 ita ce ta babban taron kiɗa na Woodstock, lokacin da matasan Amurka suka ɗauka za su gyara duniya da waƙa da ƙin yaƙin Biyetnam. Shekara bakwai bayan haka, ga su sun zama attajirai masu lissafin riba. Idan kuna son misali na kusa, ku tuna tsofaffin 'yan NEPU da na PRP da ke zaune a gindin bishiya suna cewa siyasar aƙida ta mutu, yayin da wasu daga cikin abokan gwagwarmayarsu ke wucewa a mota mai baƙin gilas. Ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Kuma kar ku ɗauka Turawa ba su iya habaici ba. Siffar da aka yi wa wuƙaƙen nan, Frey ya ce tsokana ce suka mayar wa wata ƙungiya mai suna Steely Dan, wadda ta riga ta ambaci Eagles a tata waƙar. Sara da martani tsakanin makaɗa, irin wanda kuka sani. Mu da muka tashi a gidajen da mace za ta kama taɓarya tana yi wa kazar maƙwabta waƙa, kishiyarta a ɗaki ta ajiye tsintsiya ta fito da ɗamara, mu ne za mu ce waƙa ba ta da ciki?

Saura mutum ɗaya, wanda ya fi kowa taurin kai. Shi cewa yake, "Waƙa waƙa ce, a ji daɗi a wuce. Su kansu ba su san me suke faɗa ba." Ranka ya daɗe, a 2024 sai da aka yi zaman kotu a New York a kan takardun da aka tsara baitocin wannan faifai, shafi kusan ɗari na rubutun hannu, kafin masu gabatar da ƙara su janye tuhumar ana tsakiyar shari'a. Wanda bai san me yake faɗa ba ba ya cinye shafi ɗari yana gogewa yana sakewa. Sannan ka ce minti biyun ƙarshe babu magana, kiɗa ne kawai? Kai da kake jin kalangun mahauta daga bayan kasuwa ka ce "ga taken Sarkin Fawa can", yau kai ne kake cewa tsirkiya ba ta magana? Felder ya faɗi tasa, Walsh ya ba shi amsa, suka yi ta karɓa-karɓa, daga ƙarshe suka haɗe suna maimaita abu ɗaya, yana hawa yana sauka yana dawowa inda ya faro, har sauti ya dusashe ba tare da an rufe ba. Mutum ne ke zagaya gida yana taɓa bango.

Abin dariyar, su ma ba su fita ba. Sun watse a 1980 bayan rigimar da ta kai ana yi wa juna barazanar duka a kan dandamali, Henley har ya ce sai wuta ta daskare za su sake haɗuwa. A 1994 suka dawo, suka kuma sa wa sabon faifan sunan wannan rantsuwa. Aka kori Felder a 2001, aka shiga kotu. Frey ya rasu a 2016, aka ce shi ke nan, sai ga ɗansa a kan dandamali riƙe da jita. A 2023 suka fara rangadin da suka ce na bankwana ne, mai sunan doguwar sallama. Tsofaffi masu furfura, kowane dare sai sun rera labarin mutumin da ya kasa tafiya.

Na ga kuna ƙyafta wa juna ido. Ku faɗa mana, ai na san inda za ku. "To kai malam mai fassara, daga ina kake rubuto mana wannan? Daga Tasha?" A'a. Daga wani bene a birni, fanka na juyawa a kaina. Na ce wa Inna shekara biyu zan yi in dawo in kama gonar Baba, in gwada riɗi da zoɓo. Yaron da aka haifa a makon da na tafi, bara aka ɗaura masa aure, na aika da gudummawa ta waya. Jiya da daddare ta kira, bayan gaisuwa ta ce an fara sharar gona, ta tambaya ko a bar mini gefen gabas ko a ba ɗan Kawu aro kamar bara. Na ce a ba shi, Inna, bana kawai.